Mangwaron Cibiyata

Ƙarar faɗuwar bishiyar na ji, na yar da kwandon gahawa na gangaro a guje. Wilner na tsaye da gatari, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ta murmushi.

"Jezila, masoyiyata, dubi kaurinsa! Kwalekwalenmu ke nan."

Na dubi kututturen.

"Wilner... wa ya nuna maka wannan mangwaron?"

Fritznel ne, maƙwabcinmu, wanda na ƙi aurensa har sau uku. Ya san Papa ya rantse ba zai ba masunci irin Wilner, mai tuƙa jirgin wani, 'yarsa ba. Sai munafukin ya ja Wilner har tsaunin ƙauyenmu, ya ce bishiyar gonarsu ce, ya sare kyauta.

Alhali a gindinta Mama ta binne cibiyata, da hannunta ta dasa ta, kwana tara kafin ta rasu.

Da na faɗa wa Wilner, gatarin ya suɓuce. Shi ma yana da kwakwar cibiyarsa a bakin teku, ya san me ya aikata.

Papa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shafa kututturen ya ce wanda ya sare ni tun ban shiga gidansa ba, ba zai ɗauke ni ba. Satin nan aka tura ni babban birni, Potoprens, wajen gwaggona. Ni kuwa, don baƙin taurin kai, ko sallama ban yi wa Wilner ba.

Sai bayan shekara shida na dawo ziyara. Ban hau tsauni ba, gaɓar teku ta garin Jeremi na fara sauka.

A kan yashi na ga kwalekwalen, an sassaƙe shi tsaf, ga sunana da shuɗin fenti, rana ta tsattsage shi. Mahaifiyar Wilner na zaune kusa tana gyaran kifi.

"Manman, uwata, ina Wilner?"

Ta ajiye kifin.

Ta ce bai taɓa saka kwalekwalen a ruwa ba, wai ba zai taka ni da ƙafa ba. Ya ci gaba da fita a ruɓaɓɓen jirgin kawunsa, har ranar da iska ta taso bara.

"Da wannan ya shiga, 'yata, da ya dawo min."

Na shiga cikin kwalekwalen na zauna, na yi kukan da na hana kaina shekara shida. Mutum biyu ya sassaƙa wa wurin zama.