Sunan da Ba a Faɗa a Gidan Bríd

Bríd na yanka burodin da ta gasa da hannunta, shayi na tafasa a murhu, sai ga ɗanta Cormac ya shigo da budurwarsa.

"Shigo 'yata, ruwa ya jiƙa ki sharkaf! Matso kusa da wuta. Wannan shashashan ko sunanki bai gaya min ba."

"Muireann, Mama."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Bríd. Ta dubi ɗanta.

"Ka sani, Cormac, amma ka kawo min ita?"

"Mama, suna ne kawai!"

"Suna ne kawai? Je ka faɗa wa teku haka!"

A mota Cormac ya yi wa budurwar bayani. Yana da yaya mai suna Muireann. Tana ƙarama ta fita tsintar kawa, wato dodon-koɗin teku, a bakin ruwa, igiyar ruwa ta ɗauke ta, ko gawarta ba a gani ba. Ita ma sunan wata goggon babansu aka sa mata, wadda jirgin kamun kifi ya kife da ita tun zamanin kakanni. A harshensu na gado sunan na nufin farar teku, don haka Bríd ta ƙudurta a ranta cewa duk mai shi ta teku ce, aro aka ba mutane.

An yi biki a coci, Bríd na can kujerar baya, ko murmushi babu. Amarya ta tare a gidan da ke jikin nata, amma tsakaninsu sai "ke" da "yarinyar nan". Idan Cormac ya ƙwala wa matarsa kira a tsakar gida, sai tsohuwar ta zabura ta juya wajen teku, ta kasa kunne kamar daga can za a amsa.

"Na gaji!" Cormac ya ce wa matarsa wata rana. "Ki haɗa kaya mu koma birnin Galway. Kullum kina kuka a ɓoye, kin zata ban sani ba?"

"Haba, my dear! Mu tafi mu bar ta da wa? Ba ni ta tsana ba, tsoro take ji. Ka dai daina kiran sunana a gabanta."

Haka Muireann ta ci gaba da kai wa tsohuwar miyar dankali, tana kwashe mata toka, tana raka ta coci daga nesa. Shekaru suka shuɗe, Bríd ta fara rikicewar tsufa. Takan ajiye faranti ɗaya fiye da adadin mutanen gida, ta ce yarinya na hanya.

Wata safiya hazo ya rufe gari, Cormac ya fita aiki. Muireann ta kai shayi, ta tarar da ƙofa a buɗe, gado babu kowa. Ta bi sawu da gudu har gaɓa, ba ta ganin ko tafin hannunta, ga ruwa yana hauhawa. Can sai ta ji murya daga cikin hazon, muryar da ta dushe da kuka.

"Muireann! Muireann, fito haka nan, dare zai yi!"

Ta san ba ita ake kira ba, amma ta buɗe baki da ƙarfi.

"Na'am, Mama! Ga ni nan bayanki!"

Sai ta hango tsohuwar, ruwa ya kai mata ƙugu, ta juyo a hankali. Muireann ta kutsa cikin ruwan mai sanyin ƙanƙara, ta rungumo ta, ta jawo ta tudu.

Bríd ta daɗe tana kallon fuskarta. Hankalinta ya dawo, ta gane ko wace ce.

"Kullum ina kiran sunan nan a zuciyata, ban taɓa jin an amsa ba sai yau. Na zalunce ki, 'yata."

"Babu komai, Mama. Kakata ce ta raɗa min shi. Ta ce hasken nan ne da masunta ke gani a kan ruwa idan hadari ya wuce."

Bríd ta fashe da kuka, ta ƙanƙame ta.

Da Cormac ya dawo, ya tarar da su biyu a gaban murhu cikin bargo ɗaya, uwarsa na cewa, "Muireann, ƙara min shayi." Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, hawaye na bin kumatunsa.

Bríd ta ƙarasa kwanakinta a hannun surukarta. Suna ba ya kashe kowa. Baƙin cikin da aka kulle a zuci shi ke raba dangi, kuma mai haƙuri ne kaɗai ke iya buɗe shi.