Surukin da Ke Bubbuga Ƙasa

"Wannan?! Wannan ne wanda kike cewa zai zo ya gaishe ni?"

Ƙararrawa ta tsaya cak a bakin ƙofar falo, jakar aikinta a kafaɗa, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Baba ya miƙo mata waya har kusa da hancinta.

Saurayinta Dogo ne a cikin bidiyon, kwance a kan katifar atisaye, wani ƙato ya naɗe masa hannu yana ja. Dogo ya ɗaga ɗaya hannun ya bubbuga ƙasa. Ƙaton ya sake shi, suka tashi suna dariya.

"Baba, sannu da gida..."

"Riƙe sannunki! Kalli nan! Da hannunsa ya ce ya sallama! Kuma yana washe baki!"

Ƙararrawa ta sauke jakarta. Ta san Baba sarai. Tsohon ɗan damben boksin ne, wanda har yau masu furfura ke kira Hagu saboda naushin hannun hagunsa, kuma yana da wurin koyar da dambe a ƙarshen layinsu. A wurinsa duniya kashi biyu ce: masu son boksin, da waɗanda yake yi wa addu'ar shiriya. Damben keji kuwa, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, ko sunansa ba ya son ji yana cin abinci.

Sai a lokacin ta lura da Zakara zaune a gefen kujera, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Shi ne ɗalibin da Baba ya fi ji da shi, kuma ya daɗe yana kewaye-kewaye a kanta tana yi kamar ba ta gane ba.

"Ni fa ba da wata manufa na nuna ba, ƙanwata," in ji shi. "Gani na yi ya kamata Baba ya sani."

"Allah ya saka maka daidai da manufarka, Yaya," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Baba ya buga hannun kujera.

"Namijin da ke sallamawa da ya ji zafi kaɗan, ranar da zaman aure ya matse shi ma bubbuga ƙasa zai yi ya gudu! Ba zan ba shi 'yata ba!"

Mama ta leƙo daga kicin, tawul a kafaɗa kamar kullum. Ta kalli mijinta, ta kalli 'yarta da hawaye ya cika wa ido, ta koma ciki. Wanda ya san Mama ya san wannan kallon ba na banza ba ne.

Washegari da ta tashi daga aiki, shagon Dogo ta nufa kai tsaye. Ta same shi durƙushe a bayan wani firji, ya cusa kai cikin inji, dogayen ƙafafunsa sun tare rabin ƙofa.

"Fito, mun shiga uku!"

Ya fito da baƙin mai a goshi, yana murmushin nan nasa da ya sace mata zuciya tun ranar farko. A sashen gashin ƙashi na asibitin da take aiki suka haɗu, lokacin da ya zo da targaɗe a ƙafa. Targaɗen ya warke tuntuni, amma bawan Allahn nan ya ci gaba da zuwa yana ɗingishin ƙarya, har ranar da ya manta ya ɗingisa da ɗaya ƙafar.

Ta kwashe komai ta faɗa masa.

"Saboda haka in ka zo ranar Asabar, ka ce ka tuba. Ka ce boksin ne sarkin wasanni, keji kuwa shirme ne."

"Farin cikina... so kike in fara surukuta da ƙarya?"

"'Yar ƙarama ce fa!"

"To in aka yi auren, a ina zan riƙa kallon wasana? A banɗaki?"

Ta kai masa duka da jaka, dariya na neman ƙwace mata, amma hawaye ya riga ta.

"Dogo, wallahi tsoro nake ji. Baba in ya ce a'a, ya gama. Ni kuma ba zan iya rasa ka ba..."

Ya daina wasa. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ta sosai.

"Ba za ki rasa ni ba, zuciyata. Zan je da ladabi, zan faɗi gaskiyata da ladabi. Sauran mu bar wa Allah."

"Ka yi min alkawari ɗaya. Ko me zai faru, kar ka yarda a kai ga taɓa jiki. Kafaɗar hagun Baba ta lalace tun yana wasa, ni nake gasa masa ita kullum. Shi dai bakinsa ne bai tsufa ba."

"Na yi alkawari."

Ranar Asabar da hantsi Baba ya ƙi karɓar baƙonsa a falo. Ya ce a kawo shi wurin atisaye, ya ga inda maza suke. Wurin kuwa ya cika, don Zakara ya bi kowa ya sanar. Buhunan naushi na rataye suna lilo, warin zufa da fatar safar hannu ya cika ɗakin, tsofaffin abokan Baba sun jeru a benci kamar masu jiran shari'a. Ƙararrawa ta raɓe a jikin igiyar dandamali. A nan ta samo sunanta, don tun tana jaririya in ta tsala kuka kowa sauke hannu yake, kamar an kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi. Yau kam ta san kukanta ba zai tsayar da komai ba.

Dogo ya shigo cikin farar riga, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba.

"Ka saba da ƙasa ai," in ji Zakara. Benci ya ɗauki dariya.

Baba ya gyara zama.

"Yaro, tambaya ɗaya. A sa gwanin boksin da gwanin keji a wuri ɗaya, wa zai fita da ƙafarsa?"

Ƙararrawa ta rufe ido tana addu'a.

"Baba, in a kan dandamalin nan ne da safar hannu, ɗan boksin zai yi masa dukan kawo wuƙa."

Baba ya gyaɗa kai, fuskarsa ta fara sakewa.

"Amma in a cikin keji ne... ba zai kai ƙarshen turmin farko ba."

Wayyo! Wuri ya kaure.

"Rungume-rungume ne wasan naku!" in ji wani tsoho mai gilashi.

Dogo ya ce, "Ɗan boksin rabin jikinsa kawai ya sani, Kawu. Ƙafafunsa fa, na ado ne?"

"Kai! Ka san aikin da ƙafa ke yi a boksin kuwa? Rawa ce da ilimi!"

"Na yarda. Amma mai rawa in aka ɗauke shi sama, da me zai taka?"

Har mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunyarsa ya shigo yana cewa shi dai keji yake so, aka yi masa ca har ya koma. Ƙararrawa ta kama kanta tana murmushi. Ta daɗe ba ta ga idon Baba yana ƙyalli haka ba, don yaransa duk abin da ya faɗa "haka ne" suke cewa, kuma ba abin da ke gundurar mai son gardama irin wannan.

Zakara ma ya ga ƙyallin, bai kuma ji daɗinsa ba.

"Surutu ya isa. Tunda murɗe hannun nan abin tsoro ne, ya gwada mana mu gani. Ko da yake shi an fi saninsa da bubbuga ƙasa."

Baba ya miƙe tsaye, ya tuɓe rigarsa ta sama.

"A kaina zai gwada."

"Baba, a'a!" Ƙararrawa ta yi tsalle ta riƙe shi.

"Matsa min! Yaro, ga hannuna na hagu, wanda ya kwantar da maza. Kama shi yadda kuke yi. In ka sa na bubbuga ƙasa, na ba ka ita a gaban mutanen nan. In ka kasa, ga ƙofa can, kar in ƙara ganin ƙafarka."

"Baba, don Allah a bar maganar nan..." in ji Dogo.

"In ka ƙi ma ga ƙofa!"

Dogo ya waiwayo ya dube ta. Ta girgiza masa kai, hawaye na zuba. In ya ƙi ya rasa ta, in ya yarda ya karya alkawari, kuma ita kaɗai ta san yadda kafaɗar nan take a ciki.

Aka shimfiɗa katifa. Baba ya kwanta yana huci, Dogo ya zauna a gefensa, ya ɗora ƙafafunsa a kan ƙirjin tsohon a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya rungume hannun. Daidai nan Mama ta shigo, ta tsaya a bayan 'yarta, ta sauke tawul ɗin daga kafaɗa ta dunƙule shi a hannu.

"Ja mana!" Baba ya daka tsawa.

Dogo ya ɗan ja kaɗan.

Fuskar Baba ta canza nan take. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, zufa ta keto masa. Ya yi yunƙurin ƙwacewa, hannun ko motsi bai yi ba. Kowa a ɗakin ya gane an gama, saura kawai ya bubbuga.

"Baba, ka bubbuga... don Allah ka bubbuga!" Ƙararrawa ta faɗa da kuka.

Baba ya dunƙule hannun damansa ya cusa shi ƙarƙashin bayansa. Ya cije leɓe. Wannan mutumin a kashe shi ya fi masa sauƙi a kan ya bubbuga.

"Ƙarasa mana in ka isa!" Zakara ya yi ihu. "Ja ɗaya ya rage maka!"

Gaskiya ya faɗa, ja ɗaya ne ya rage. Mama ta ɗaga tawul.

Sai aka ji ƙara a kan katifa.

Tap, tap, tap.

Ba hannun Baba ba ne. Dogo ne ya saki hannu ɗaya yana bubbuga ƙasa, shi da ke riƙe da nasara. Ya zare ƙafafunsa, ya tallafi kafaɗar Baba ya zaunar da shi, sannan ya koma gefe ya durƙusa.

"Na sallama, Baba. Ka ci."

 Dogo ya miƙe, ya ɗauki takalmansa, bai yarda ya haɗa ido da Ƙararrawa ba. Ita kuwa ta bi shi da kallo. Ta rasa shi, kuma ba ta taɓa son sa kamar yadda take son sa a wannan lokacin ba.

Ya kusa ƙofa Baba ya yi magana.

"Kai, dawo nan."

Ya dawo.

"Hannuna yana wurinka. Yarinyar tana wurinka. Me ya sa ka bubbuga?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Baba, in na karya shi... da wane hannun za ka ɗauki jikokinka?"

Tsoho mai gilashi ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Ƙararrawa ta rufe fuska da tafin hannu don kunya. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakinsa na rawa.

"Amma dai sharaɗi sharaɗi ne, Baba," in ji Zakara da sauri. "Bai sa ka bubbuga ba."

"Kai da kake ihun a ƙarasa ni? Hannun da ya koya maka naushi? Je ka ɗauki igiya ka yi ta tsalle sai na ce ka tsaya!"

Mama ta matso, ta yafa wa mijinta tawul ɗin a wuya tana goge masa zufa.

"Maigida, ka gode wa Allah yaron nan ya riga ni. Da yau ma na sake jefa maka shi."

"Sake?" Ƙararrawa ta zaro ido. "Mama, kin taɓa ne?"

"A wasansa na ƙarshe mana. Ido ya kumbura, kafaɗa ta goce, ya ƙi faɗuwa. Na fizge tawul daga hannun mai horar da shi na wurga cikin fili. Ya yi fushi, ya daina gaishe ni, ya ce na zubar masa da mutunci a gaban jama'a. Da fushin ya huce sai ga iyayensa a gidanmu."

"Ke dai ba a rufin asiri da ke," Baba ya yi gunaguni. Ya juya ga Dogo, ya miƙa masa hannun dama. "Tashe ni, surukin banza. Ka turo manyanka."

Ƙararrawa ba ta san lokacin da ta yi ihu ta rungume Mama ba.

"Amma ka sani," Baba ya ɗaga yatsa, "boksin ya fi."

"A kan dandamali, Baba."

"A ko'ina!"

An sha biki, an kai amarya, gardama kuwa ba ta mutu ba. Duk ranar hutu Baba zai zo gidansu da sunan duba 'yarsa, ya zarce gaban talabijin, shi da Dogo su yi ta musu har abinci ya huce. Wata rana da ta gaji, ta fito daga kicin da cikinta da ya fara turo riga, ta tsaya a tsakaninsu ta riƙe ƙugu.

"Wallahi in ba ku tashi kun ci abincin nan ba, na kashe talabijin ɗin!"

Dogo ya yi maza ya bubbuga hannun kujera.

Baba ya harare shi, ya harari 'yarsa, ya kalli cikin nata. Sannan ya kau da kai gefe, ya miƙa hannun hagunsa a hankali, ya bubbuga tebur.