An Kira Shi, Ba a Sallame Shi Ba

Ranar da abin ya fara, Lalla Batul tana saman soro tana kwashe shanya. Rana ta riga ta faɗa cikin teku, masallatan Kazablanka suna ta karɓar kiran magariba ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa cikin lungu wani mai tasi ya ƙure rediyonsa da waƙar ɗanta Zuhair. Tana cikin murmushi sai dutse ya faɗo kusa da ƙafarta, ƙarami, baƙi, a jiƙe, kuma da ɗumi. Ta ɗaga kai. Gininsu ya fi duk na layin tsawo, babu inda yaro zai tsaya ya yi jifa. Ta yi a'uziyya ta sauko, ta bar rabin kayan a kan igiya.

Mu 'yan unguwa mun san Zuhair tun yana yawo da majina. Ya daɗe yana waƙar hip-hop, gambarar zamani, a wani ɗaki da ya liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai, ba mai saurarensa sai ƙanwarsa Gizlan, ita ma don tausayi. Sai ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna Baƙin Magariba, wanda babu komai cikinsa sai kabari, da rijiya, da gidan wankan da aka rufe. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa tsoratar da yara ne kawai. Limamin unguwa ya yi faɗa a huɗuba. Duk a banza, domin gari ya riga ya ɗauka, daga shagon aski har wayoyin 'yan makaranta.

Waƙar da ta fi tashe kuwa ba shi kaɗai ya yi ta ba. Kakansa marigayi makaɗin Gnawa ne, masu kiran iskoki da gimbiri, garayar nan mai jijiya uku. A cikin kayan tsohon Zuhair ya tsinci wani kaset na wasan da aka yi tun ba a haife shi ba. Ya yanko ɗan wurin da kiɗan ya yi ƙasa, tsohon ya kira wani suna da shaƙaƙƙiyar murya, ya sa wurin yana maimaita kansa daga farkon waƙar har ƙarshenta. Daga baya rikoda ta cinye zaren kaset ɗin, ya jefar a shara.

Jifa ta ci gaba, kullum da faɗuwar rana. Famfon kicin yakan buɗe kansa. A matattakala ana jin tafiyar wani mai nauyi, ya hau, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a ce masa ya shigo, sannan shiru. Zuhair ya ce magoya baya ne ke wasa, amma ya daina dariya in zai faɗa.

Sannan abin ya koma kan Gizlan. Wata magariba tana zuba shayi sai ta ajiye butar a hankali, ta miƙe tsaye, ta juya wajen taga.

"Na'am," ta ce.

Muryar ba tata ba ce. Ta tsohon namiji ce, a gajiye.

"Gizlan, wa ya kira ki?" in ji uwar.

Yarinyar ta zauna. Ba ta gama zama ba ta sake miƙewa, ta juya wani ɓangaren. "Na'am."

Haka ta wuni, haka ta kwana, tana tashi tana zama, tana amsa kiran da ba wanda ya ji. Ba ta ci, ba ta barci. Ƙafafunta suka kumbura, wuyanta ya zama kamar sillen kara. A asibiti aka auna ta aka ce ba a ga komai ba. Wallahi duk wanda ya shiga gidan a kwanakin nan da ƙwalla ya fito, don a fili yake yarinyar mutuwa take yi a tsaye.

Aka ɗauko Si Bushaib, tsohon malamin da ya yi suna wajen ruƙiyya. Ya zo bayan sallar magariba, ya sa aka kashe wayoyi, aka riƙe Gizlan a kan darduma. Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Ɗakin ya yi sanyi. Can yarinyar ta daina fizge-fizge, ta ɗago kai ta dube shi.

"Ya isa, malam. Ba faɗa na zo yi ba."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Kirana aka yi. Tambayi wancan." Hannun Gizlan ya nuna Zuhair, wanda ya rakuɓe a jikin ƙofa. "Kakansa yakan kira ni sau ɗaya a shekara. In zo in tarar da turare da wurin zama, in yi abin da ya kawo ni, kafin asuba ya kaɗa mini kiɗan sallama in koma gida. Shi wannan ya ɗauki kiran ya yar da sallamar. Yanzu ana kirana a tasi, ana kirana a shagon aski, har a bayan gida an kira ni. In je, in tarar da yara suna gyaɗa kai, ko kallona ba mai yi. Na tsufa, malam. Na gaji."

"To me ya haɗa ka da ita?"

"Dole kira ya sami mai amsawa. Na sa jinin gidan nan su taya ni amsawa."

Zuhair ya matso. "Zan cire waƙar. Yau ɗin nan, wallahi zan cire ta."

Dariyar da ta fito daga ƙirjin Gizlan ba ta da daɗin ji. "Daga wayar wa, ɗan samari? Ka bi su gida gida?"

Si Bushaib ya ɗaga murya. "Za ka fita don girman Allah, ko in ci gaba da karatu har ka ƙone."

"Ka iya, na sani. Amma sai ka kwana uku kana yi, ita kuwa ba za ta kai jibi ba. Dube ta da kyau."

Malamin ya dube ta. Lalla Batul ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Zan sake ta yanzu," in ji muryar, "in wanda ya yi kiran zai riƙa amsawa da kansa. Shi namiji ne, da ƙarfinsa, zai jure. Ranar da mutane suka daina sa waƙar, ya huta, ni ma na huta."

"Kada ka amsa, yaro," Si Bushaib ya ce da sauri. "Ba a ƙulla alkawari da su."

Zuhair bai kalli malamin ba. Ƙafafun ƙanwarsa yake kallo.

"Na yarda," ya ce.

Gizlan ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Aka ji tafiyar nan mai nauyi tana sauka matattakala har ta ɓace. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, yunwa nake ji." Yayan kuwa ya riga ya miƙe tsaye, ya juya wajen taga.

Gizlan ta warke sarai, har ta koma wurin ɗinkinta. Abokan Zuhair suka sauke kundin daga intanet kamar yadda ya roƙa, sai labari ya bazu cewa akwai aljani a cikin waƙar, waɗanda ba su taɓa jin ta ba ma suka shiga nema. Ɗan jaridar nan ya sake rubutu, ya ce ya yi kuskure, ba a taɓa yin kundi irinsa a ƙasar ba. Samari sukan zo ƙofar gidan neman hoto da shi, Lalla Batul ta ce musu ba ya nan, alhali ana jiyo shi daga ciki yana amsawa.

Tsohuwar ta daɗe tana roƙon Allah ya ɗaukaka ɗanta. Yanzu matan da ke sahu ɗaya da ita a masallaci sun ce in ta yi sujada takan daɗe ba ta ɗago ba, kuma abu ɗaya suke jin tana maimaitawa.

"Ya Allah, ka sa a manta da ɗana."