Hararar Aro

"Kupe!"

Da wannan kalmar darakta Kailu ya sake tsai da kamara, ya taka har gindin rumbun hatsin da 'yar wasa Nasiba take tsaye, ya kai bakinsa dab da kunnenta.

Sakina ta dafe ƙirji. Bikinta da Kailu ya ƙarato, kuma shi da kansa ya gayyato ta don ta ga yadda yake shirya fim. Ta kuwa gani!

Abin da ya fi ci mata rai, duk raɗar da ya yi, sai 'yar wasan ta juyo ta ƙare mata kallo, daga gira har haɓa.

Maganar Goggo Dijatu ta faɗo mata: "Mutumin da sana'atai koya ma mata kuka za ki aure, ɗiyata?"

"Aksiyon!"

Nasiba ta dubi mai fitowa a mijinta, wai tana zarginsa. Sai ta yi kama da mai ciwon haƙori.

"Kupe!"

Wata raɗar. Wani kallon.

Sakina ta miƙe tana zare zoben da ya ba ta.

"Kailu! Mi kake hwaɗa mata?"

"Rabin raina, aiki muke..."

"Aiki cikin kunne? Ungo zobenka, sa mata!"

Nasiba ta tafa hannu. "Darakta, ita ce wagga?"

"Ita ce," ya ce a hankali, kamar mai tsoron korar tsuntsu. "Dubi girar hagu. Ba a ɗaga duka biyu."

"Girar wa?!"

Mai hankali da ya yi shiru. Kailu darakta ne, sai ya kama bayani.

"Hararar mai zargi nike nema, Nasiba ta kasa. Na kwatanta mata, na sa ta tuna wanda ya taɓa cutar ta, ba ta hito ba. Duk ƙasar Kurfai ba wadda ta iya ta kamarki. Abin da nike raɗa mata ke nan: dubi Sakina."

"Wato ka kawo ni nan don in zarge ka?"

"Da na hwaɗa miki, ai da ba ta hito ba, masoyiya..."

Mai kamara ya shiga goge gilashin da ba datti.

Sakina ta dube shi, ta dubi Nasiba. A hankali zoben ya koma yatsa.

"Ke Nasiba, rage idon nan, ba a ware shi. Kuma kar ki ce uffan, bari shi ya hwara kame-kame." Ta juyo ga Kailu. "Kai kuma, raɗa ta ƙare. Abin da za ka hwaɗa, jama'a su ji."

"Na bi, ranki ya daɗe."

Da fim ya fito, duk garin Filinge ta yaba hararar Nasiba. Goggo Dijatu kaɗai ta taɓe baki, ta ce ta aro ce.

Ta ainihin tana gidan Kailu. Duk ranar da ya makara wajen aiki, ita ke tarbarsa a ƙofa, kuma har yau bai yi ƙarfin halin cewa "Kupe" ba.