Jirgin Tallinn na Ƙarfe Ɗaya da Rabi

"Ba zan sake tambayar ki ba, Saila. Sau biyu ya isa."

Tanel na tsaye a ƙofar kicin ta baya, ƙanƙara ta yi fari a kan hularsa, hannunsa riƙe da baƙin burodin Tallinn da ya saba kawo mata. Ƙarfe bakwai ne na safe, gari bai gama wayewa ba.

"Don Allah ka rage murya, baƙi na barci..."

"Su yi barcinsu! Yau ne aikina na ƙarshe a jirgin Tallinn. Gobe sai Kopenhagen, an ba ni kicin ɗin jirgin Oslo."

Gabanta ya faɗi. "Har ka sa hannu?"

"Na sa."

"Tanel, ka san ba ƙin ka nake yi ba. Baba fa? In bar shi da wa?"

"Amsar bara ke nan, ita ce kuma ta bara waccan." Ya ajiye burodin, ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ina son ki kamar raina, amma na gaji da roƙo. A jirgin ƙarfe ɗaya da rabi zan sauka gida. Ki zauna lafiya, masoyiyata."

Ya ja ƙofa ya fita. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Shekara uku suna tare, shi yana dafa abinci a jirgin ruwan da ke kai da kawowa tsakanin Helsinki da Tallinn, babban birnin ƙasarsu Estoniya, ita kuma tana riƙe da ƙaramin otal ɗinsu mai ɗaki goma sha huɗu. Tun rasuwar mahaifiyarta komai ya dawo kanta. Mahaifinta Reino kuwa mutum ne da in ya yi magana goma a yini, to ranar ya yi surutu. Yaya za ta tsallake irin wannan tsoho ta bi miji? Ta share hawaye da gefen riga, ta koma teburin karɓar baƙi.

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi wata dattijuwa 'yar Fotugal ta sauko tare da mijinta, ta shimfiɗa taswira a gabanta.

"'Yata, muna son ganin manyan biranen nan duka a mako guda. Wannan tsohon ya ce mu bi jirgin sama."

"Kai, a'a Mama, ku bi ruwa!" Saila ta ja taswirar, nan take muryarta ta washe, don nan ne fagenta. "Tallinn awa biyu ce kacal. Ku kama otal kusa da tasha, kada ku ja akwati cikin tsohon gari, duwatsun hanyar sai sun cire masa ƙafa. Stockholm kuwa a jirgi ake kwana. Ku nemi ɗaki a tsakiya, can sama, nesa da inji da wurin kiɗa. Ku kama teburin abinci tun kafin ku shiga. Da safe ku mai da agogo baya da awa ɗaya, ku fito waje ku ga tsibirai."

"Oslo fa?"

"Daga Kopenhagen za ku taso da yamma. Ku tashi da wuri, lokacin da jirgi ke kutsawa tsakanin duwatsu... ba a ba da labarinsa, sai ido ya gani!"

Dattijuwar ta tafa hannu. "Kai yarinya, kin sha yawo! A cikinsu wanne ya fi burge ki?"

Saila ta mai da ido kan taswirar.

"Ban taɓa zuwa ba, Mama. Tallinn kaɗai na sani."

"To wa ya koya miki duk wannan?"

"Wani ne..."

Ba ta san Reino na bayanta yana gyara makullai ba. Da baƙin suka fita ya yi gyaran murya.

"Yaron ya tafi?"

"Zai tafi, Baba."

"Saboda ni?"

Ta kau da kai. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango, ya daɗe yana kallo.

"Yau nawa ga wata?"

"Ashirin da tara ga Fabrairu."

"To."

Ta san abin da yake nufi, wa bai sani ba a ƙasar nan? Sau ɗaya a shekara huɗu ranar ke zuwa, ranar da mace ke da ikon neman namiji da aure. In ya ƙi, dole ya saya mata yadin siket ya wanke kansa.

"Haba Baba, wannan ai wasan tsofaffi ne."

"Labulen ɗaki na shida," ya ce. "Shuɗin nan."

"Me ya same shi?"

"Yadin da na saya wa uwarki ne."

Saila ta saki biro. "Baba! Ƙin Mama ka yi?"

"Na ƙi. Uwata ba lafiya lokacin, na ce ba zan bar ta ba." Ya sunkuyar da kai. "Da na dawo hankalina kunya ta hana ni buɗe baki. Ita ma ta yi fushi ta ƙyale ni. Sai da ranar ta sake zagayowa ta kuma tambaya."

"Shekara huɗu?"

"Huɗu cur. Da tana kwance a asibiti, ba abin da nake tunawa sai shekarun nan huɗu." Ya ɗauko makullin mota. "Ni ban ce ki zauna ba, Saila. Ban dai ce ki tafi ba, wannan kuwa laifina ne. Ɗauko rigar sanyinki."

"Otal fa?"

"Ba zai gudu ba."

Tun da take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi gudu da mota ba sai ranar. Mutumin da ko keke ba ya wucewa, yau ga shi yana danna hon a tsakiyar Helsinki, mutane na waiwayowa suna mamaki.

"Baba, a hankali, akwai santsi!"

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya da minti biyu. Da minti goma suke rufe ƙofa!"

"Sayi tikiti a waya."

Sau biyu tana kuskuren rubuta sunanta. Dariya na cin ta, kuka na cin ta, ta rasa wanda za ta fara. A bakin tasha ya ci birki, ta fice da gudu, sai ta dawo ta rungume shi ta taga.

"In ya ƙi fa, Baba?"

"Ki zaɓi yadi mai tsada. Gudu!"

Ta yi gudu a doguwar hanyar shiga jirgi har numfashinta ya kusa ɗaukewa, mai duba tikiti na ɗaga mata hannu yana cewa ta yi sauri. Ƙafarta na shiga aka ja ƙofa.

Jirgi ya taso yana fasa ƙanƙarar bakin teku. Saila ta haura bene biyu zuwa ɗakin cin abinci, inda fasinjoji suka yi layi da farantai. Can ta hango shi cikin farar riga da doguwar hula, ɗauke da tiren kifi. Duk kalaman da ta tsara a mota suka gudu suka bar ta.

"Tanel!"

Ya waiwayo. Saura kaɗan tiren ya kife.

"Saila? Me ya faru? Baba ne?"

"Baba lafiyarsa ƙalau." Mutanen da ko a lif ɗin hawa bene ba sa haɗa ido da juna, yau duk sun zuba mata nasu. "Ka ce ba za ka sake tambaya ba. To ni na zo in tambaya. Tanel, za ka aure ni?"

Wata tsohuwa mai jan gyale ta dungure ƙawarta da gwiwar hannu.

"Yau ce ranar! Wallahi na manta!" Ta juya ga Tanel. "Kai ɗan Estoniya, ka san dokar dai ko? In ka ƙi, yadin siket!"

"Ya ƙi ya gani," in ji ƙawar. "Yarinya kamar wannan? Ni da jikana na nan da na tura shi gaba."

Aka kwashe da dariya, amma Tanel bai yi ba. Ya ajiye tiren a hankali, ya matso kusa da ita.

"Saila, kada ki yi mini wasa da zuciya. Na riga na sa hannu, shekara biyu. Ba zan iya fasawa ba."

"Ban ce ka fasa ba."

"To yaya ke nan? Ina can, kina nan?"

"Kana can, ina can."

Ya yi mata kallon wanda bai yarda da kunnensa ba. "Ki bar otal? Ki bar Baba?"

"Shi ya kawo ni tasha. Har hon ya yi, Tanel!"

"Reino? Hon?"

"Sau uku!"

Sai dariya ta kuɓuce masa, hawaye na bin ta. Ya cire hular ya riƙe hannuwanta biyu.

"Na yarda, rabin raina. Na yarda, na yarda!"

Ɗakin ya ɓarke da tafi, ana buga cokula a jikin kofuna. Tsohuwa mai jan gyale ta rungume su duka biyu kamar ita ta haife su, tana cewa ita dai a gayyace ta biki.

Da hayaniya ta lafa, Saila ta koma gefen taga ta kira gida. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba... ya yarda."

"To."

"Amma zan bi shi Kopenhagen. Shekara biyu."

"Na sani."

Murnar ta sauka. Ta tuna shi shi kaɗai a teburin kicin, kujeru biyu ba kowa a kai.

"Wa zai riƙa haɗa maka kofi da safe?"

"Ni na koya wa uwarki."

"Baƙi fa? Ba ka son magana..."

"Zan koya." Ta ji yana jan hanci. Ba ta taɓa jin kukansa ba, ko ranar jana'iza. "Saila."

"Na'am, Baba."

"Kin riƙe ni da kyau, 'yata. Ya isa haka. Yanzu je ki."

Ta kifa kanta a kafaɗar Tanel ta yi kuka mai isarta, wayar na manne a kunnenta. Daga can Helsinki tsohon bai ƙara cewa komai ba, bai kuma kashe ba.