Tsingaron Gindin Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A can da, a wani gari na bakin gulbi, wani manomi ya tashi gina rumbu a gindin tsamiya, kusa da gonarsa. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta zo wucewa, ta ce, "Ɗana, ruwa ya san wurin nan."

Ya yi dariya, ya ce, "Inna, shekarata arba'in, ban taɓa ganin gulbi ya iso nan ba."

Ta ce, "Tona ka gani."

Don ganin girmanta ya tona, ya sami jar ƙasa. Ta ce, "Tona ka gani." Ya ƙara tonawa, sai ga farin yashi irin na gulbi. Ta ce, "Tona ka gani." Can ƙarƙashin yashin sai ga tsingaron tulu.

Tsohuwa ta karɓa, ta goge shi da bakin zane, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Zanen hannun mahaifiyata ne. Nan ɗakinmu yake, nan take yi mini kitso. Ina 'yar shekara shida ruwa ya tashe mu."

Manomi ya kwashi duwatsun gininsa ya hau tudu ya gina rumbunsa a can, maƙwabta suna yi masa ba'a, wai ya bar kusa ya zaɓi nesa.

Damina ta uku gulbi ya cika, ya sha tsamiya har rassa, rumbunan kwari suka narke. Dawar tudu ce ta ciyar da gari, ƙwaryar farko kuwa gidan tsohuwa aka kai.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma gida.