Burushi da Allura

Raɗe-raɗin ya daɗe a sashen tarihin zane-zane na jami'a, har ya girmi wasu malaman. Wai hotuna arba'in da ɗaya na marigayi Babban Mai Zane, waɗanda aka ware wa zaure guda a gidan tarihi, ba shi ya zana su ba, matarsa ce. Malamai mata sun gaskata ba tare da sun bincika ba. Malamai maza sun ƙaryata, su ma ba tare da sun bincika ba. Duk shekara a yi taro a kai, a sha shayi, a watse.

Sai ga wata ɗaliba mai neman digiri na uku. Tun tana firamare ake kiranta Wa-ya-ce, don ba a gaya mata magana ta bar ta ta wuce ba ta nemi mai ita ba. Ta ɗauki littafi da biro ta ce za ta je ta gani da idonta.

Ranar Litinin da hantsi ta shiga zauren, ta tsallake igiyar da aka gitta, ta kai hancinta dab da wani hoton mace mai shanya.

"Baiwar Allah, numfashinki."

Ta waiwaya. Wani dogon saurayi ne cikin farar riga ta aiki, da tsinke a hannu an naɗa masa auduga a baki.

"Numfashina ya yi me?"

"Yana da danshi. Fentin nan ya girmi mahaifiyarki."

"Wa ya ce numfashi na ɓata fenti?"

Shekara shida yana faɗin wannan magana ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Zan duba," ya ce.

Washegari ya kawo mata wani littafi, da takarda a maƙale a shafin da ya yi bayanin. Wannan ne karo na farko da wani namiji ya amsa mata tambaya da lambar shafi, kuma a nan zuciyarta ta fara ba ta kunya.

Shi ne mai gyaran tsofaffin hotuna na gidan. Yini guda yakan goge abin da bai fi tafin hannu ba. Ta sa masa suna Malam Auduga. Sai da ta yi mako uku tana zuwa kafin ta gano jikan Babban Mai Zane ne.

"Kuma ka yi shiru?"

"Ba ki tambaya ba."

Ya kashe wutar ɗakin aikinsa, ya kunna wata 'yar fitila ya haska hoton ta gefe. Sawun burushin ya fito raɗau, kamar kunya a gona.

"Dubi yadda layukan suka kwanta. Mai hannun dama yakan ja daga sama dama zuwa ƙasa hagu. Waɗannan daga sama hagu suka taho."

"Kakanka bahago ne?"

"Da dama yake komai."

"Kakarka fa?"

Ya juya tsinken audugarsa. "Ko ranƙwashin da ta yi mana muna yara, da hagu ne."

Da yamma tes ɗinsa ya shigo wayarta: "Wa-ya-ce tawa, kin isa gida lafiya? Kin manta bironki. Na ajiye shi a akwatin gilashi na rubuta kada a taɓa."

Ta mayar: "Malam Auduga, wa ya ce ni taka ce?"

"Zan duba."

Bayan minti biyar: "Na duba. Ni na ce. Ina neman ƙarin hujja."

Ta kifa wayar a kan filo tana dariya ita kaɗai, har Umma ta ɗaga kai daga keken ɗinki ta ce, "Wannan dariyar ba ta karatu ba ce."

Da ta ji sana'arsa, Umma ta daina taka keken. "Goge hoto da auduga? Duk likitocin garin nan, ke sai mai yi wa bango jinya?"

Farfesa kuwa, mai duba aikin Wa-ya-ce, har tashi ta yi daga kujera don murna. Shekara ashirin tana koyar da cewa an danne matar nan, ga shi yau an kawo mata hujja. Nan take ta raɗa wa kundin suna: Shekara Hamsin Cikin Duhu.

"Farfesa, ai ba mu ji ta bakin matar ba."

"Me za ta ce? Wanda aka danne ba ya sanin an danne shi. Shi ya sa muke nan."

A ofishin akwai wani ƙaramin malami da ɗalibai ke kira Dakta Turare, don ana jin zuwansa tun yana matattakala. Sau biyu yana neman auren Wa-ya-ce, sau biyu tana tambayarsa wa ya ce masa tana neman miji. Shi ne ya wanke ƙafa ya je gidan tarihi ya gaya wa Malam Auduga, cikin tausayawa, cewa kowa a sashe ya san yarinyar makullin gidansu take so, ba shi ba. Ya kuma yi ɓatan kai ya bi ta wajen Baba, mahaifin Malam Auduga.

Baba tsohon ma'aikaci ne mai ritaya, wanda aikinsa yanzu shi ne zama ɗan Babban Mai Zane. Shi ke yanka kintinkiri, shi ke jawabi. Ya sa aka kira masa ita, ya karɓe ta a falo ƙarƙashin hoton mahaifinsa.

"'Yata, ba ni da matsala da ke. An ce kina da hankali. Amma ba za ki tsige sunan ubana daga bango ba, sannan ki shigo gidansa a matsayin suruka. Ki zaɓa: ko kundin, ko ɗana."

"Baba, in gaskiya ce fa?"

"Gaskiyar da ta yi shekara hamsin tana jira, ta ƙara jira."

Tana fita tes ɗin Malam Auduga ya shigo: "Tambaya ɗaya zan yi miki, ni ma yau. Ni kika zo gani ko hotunan?"

Da yake ita ba ta iya ƙarya ba ko ta kwana ɗaya, sai ta rubuta: "Hotunan."

Tana cikin rubuta "amma daga baya" ya kashe wayarsa.

Kwana tara ba su yi magana ba. A na goma ta koma gidan tarihi, wai don ta karɓi bironta. Ta hango farar rigarsa, ta faɗa ƙofar farko da ta gani.

Wani ɗan ɗaki ne a baya, kusa da ma'ajiyar tsintsiya. A ciki an rataye shimfiɗun gado goma sha tara, aikin allura, tsuntsaye da rassa da furanni, kyawawa har sai mutum ya ji kunyar kwanciya a kai. An rubuta a ƙasa: Aikin hannun matar Mai Zane.

Wata huɗu tana zuwa gidan nan don ta ƙwato wa mace haƙƙinta, ba ta taɓa leƙa ɗakin da aka ware wa macen ba. Farfesa ma haka. Ai ɗinki ne kawai.

Ta ɗaga gefen wata shimfiɗa ta ɗauki hoton bayanta da waya, ta kai wa Umma.

Umma ta sa tabarau. "Kai! Wannan hannu ya iya. Dubi baya kamar gaba."

"Umma, bahaguwa ce ta yi shi?"

"Wace bahaguwa? Ga ƙullin farko nan a dama, ɗinkin yana tafiya hagu. Ni da na koyar da 'yan mata sun fi ɗari? Bahaguwa daga hagu take farawa, ko za ki kashe ta."

Wa-ya-ce ta zauna a kan buhun ƙyalle. Ta ɗauki waya ta rubuta tes.

"Malam Auduga, hotunan na zo gani. Kai na tarar. Yanzu kunna kanka ka amsa mini: ka taɓa ganin Kaka da allura?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar, alamar mai fushin yana riƙe da tasa. "Ban taɓa ba. Maimaita layi na biyu."

"Sai ka kai ni wurinta."

Ranar Asabar da safe suka je. Baba ya ce ƙafarsa ƙafarsu. Kaka na zaune a baranda, 'yar tsohuwa mai ido kamar na shaho, tana juya shayi da hagu.

Bayan gaisuwa Wa-ya-ce ta durƙusa ta miƙa mata allura da zare da maɓalli ɗaya.

"Kaka, maɓallin rigata ne ya cire. Aka ce ba wanda ya kai ki."

Kaka ta dubi allurar kamar an miƙo mata kunama. Ta dubi yarinyar. Sai ta fashe da dariya har shayin ya zube.

"Shekara hamsin! Maza sun zo sun tambaye ni wane irin shayi yake sha kafin ya yi zane. Mata sun zo da rikoda sun tambaye ni sau nawa nake kuka a rana. Ba wanda ya taɓa miƙo mini allura sai ke, 'yar nema!"

"Inna, me ake ciki ne?" in ji Baba.

"Zauna, kai. Ni ban taɓa ɗinke ko tsumma ba. Ubanka ne."

Baba ya zauna, ba don an ce ya zauna ba.

"Muna sabon aure wani mai sayen kayan ado ya shigo. Ya ga hoto a jingine, ya ga shimfiɗa a gado. Bai tambayi kowa ba, ya buɗe littafinsa ya rubuta: hoto, maigida, ɗinki, uwargida. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga ubanka ya yi zuru-zuru yana roƙona da ido. Abokansa 'yan ƙwallo ne. Da sun ji yana ɗinka furanni, da ya bar garin. Ni kuma na lura hoton ya fi daraja da aka ce na namiji ne. Sai muka yi shiru. Muka ce na wata ɗaya ne."

"Kaka, ba ki ji haushi ba?" in ji Wa-ya-ce.

"Na ji mana! Ranar da aka rataya masa lambar yabo, wata guda ban yi masa magana ba. Kuma ni aka ajiye kusa da tsintsiya, kar ki manta ki rubuta wannan. Amma shi ma ranar da wata baƙuwa ta shafa shimfiɗarsa ta ce sai mace ce za ta iya wannan taushin, banɗaki ya shiga ya yi kuka. Ya fito ya ce mura ce."

Baba ya dubi hannuwansa.

"Yatsunsa," ya ce a hankali. "Kullum a huhhuje. Ya ce mini ƙusoshin firam ne."

"Ƙusoshin firam! Mutumin da bai san inda guduma take ba."

"To shimfiɗar nan mai tsuntsaye, da na tafi da ita makarantar kwana, wadda har yau take gadona..."

"Wata uku ya yi yana yi maka. Ya ce in ce ni ce."

Baba ya ciro hankici ya ce ƙura ce ta shiga masa ido. Kaka ta ce, "Mura ce. Gado ne."

Da ya natsu ya dubi Wa-ya-ce. "'Yata, da cewa na yi za ki raba ni da ubana. Ashe ban ma san shi ba. Rubuta. Amma ki rubuta duka biyun. In kika bar ɗinkin, ban yafe ba."

Malam Auduga ya yi gyaran murya. "Baba, ɗaya maganar fa?"

"Wace magana? Kai in ka tsaya wannan sanyin jikin naka, mai turaren nan zai riga ka."

Farfesa ba ta ji daɗi ba. Ta karanta babi na uku sau biyu ta ce kashi na farko ya yi, amma wannan zancen allurar yana rage wa kundin ƙarfi, a mayar da shi ƙasan shafi da ƙananan haruffa.

"Wa ya ce, Farfesa?"

Farfesa ta cire tabarau ta dube ta. Mace ce mai taurin kai, amma malama ce. Ta je ɗakin bayan da kanta, ta yi awa biyu a ciki, ta dawo ta soke tsohon sunan kundin da jan biro.

Umma ita ma ta sauko. Ta ce tunda jinin mai wannan ɗinkin ne, yaron ba zai rasa amfani ba.

Ana gobe ɗaurin aure ya turo mata: "Amaryata, na samu ƙarin hujjar. Shaidu za su zo gobe ƙarfe sha ɗaya."

Ta mayar: "Na karɓi binciken, Audugata. Ba gyara."

Aka ɗaura. Dakta Turare ya zo, an ji shi tun daga bakin titi. Kaka ta dafa kan ango da dama, ta dafa na amarya da hagu, ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai tambaya, kuma kowa ya sa sunansa a kan aikinsa. Baba ya ba su shimfiɗar mai tsuntsaye, ya karɓe, ya sake ba su.

Bayan mako biyu, ango ya hau tsani da sukudireba, amarya tana miƙo masa sababbin alluna. Aka fito da shimfiɗun daga ɗakin baya aka rataye su a babban zaure, kowace tsakanin hotuna biyu. A bakin ƙofa aka kafa allo ɗaya mai layi biyu:

Hotuna arba'in da ɗaya da ke wannan zaure, matar ce ta zana su.

Shimfiɗu goma sha tara, mijin ne ya ɗinka su.